Taku Goma Sha Bakwai Daga Gindin Ɗorawa

Ni ne sakataren kulob ɗin ƙwallon garinmu a shekarun farko bayan samun mulkin kai, kuma ba don na iya ƙwallo aka ba ni muƙamin ba. In na sa ƙafa a ƙwallo, ni kaina ban san inda za ta nufa ba. An ba ni ne don ina akawu a kasuwar auduga, rubutuna na da kyau, ga kuma baki da saurin fushi, wanda a lokacin nake ɗauka jarumta ce. Garinmu ƙarami ne, a kan hanyar da ta tashi daga Funtuwa zuwa Malumfashi, amma 'yan wasanmu sun fi ƙarfin garin. Akwai malaman firamare, akwai leburorin hanya, akwai 'ya'yan 'yan kasuwar kudu da aka haifa a nan, waɗanda in suka zage ka da Hausa sai ka koma gida ka tambayi ma'ana. Kyaftin ɗinmu tela ne Bayarabe, ya girme ni, kuma ya fi ni hankali nesa ba kusa ba.

Filinmu yana bayan gari. Da rani kawai muke wasa, daga an gama kaka har zuwa ruwan fari. Mukan kewaye filin da zana don mu samu abin karɓa a ƙofa, sai dai zana ba ta shekara, gara ta ci, awaki su ja, iskar bazara ta kwantar da saura. Manomi kuma ba ya yawo da taro, wato kwabo uku, a aljihu duk ranar wasa. Telan nan ne ya haɗa matsalolin biyu ya warware su lokaci guda. Ya ce duk wanda ya saƙo zana biyu, ya haɗo da dirkokinsu, a ba shi katin shekara, ya shiga kowane wasa har damina ba mai tambayarsa ko anini. Ni nake yanka katin daga kwalin sukari, in buga masa hatimin da wani baduku ya sassaƙa mana da tsohuwar taya. Mai kati kuma a gindin zanarsa yake zama, ya sha inuwar abin da ya saƙa da hannunsa.

Da farko masu katin ba su da yawa. Sai muka ci wani kulob na ma'aikata da ya zo daga Funtuwa da takalmansu masu ƙusa, mu rabinmu ba takalmi. Labari ya zaga ƙauyuka. Da kaka ta zagayo, sai ga jakuna suna shigowa gari da zana a naɗe, daga wajen Kafur, daga wajen Danja, har da mutanen da ba su taɓa ganin ƙwallon fata ba. Na cika zauren makaranta da zana har malam hedimasta ya fara hararata.

A nan muka gane abin da ba mu lissafa ba. Mutumin da ya kwana huɗu yana yankan gamba, ya zauna ya saƙa, ba zai yarda a jingine masa zana a ɗaki ba. So yake ya gan ta a tsaye. Wani dattijo ya zagaya filin sau biyu bai ga tasa ba, ya zo ya tsaya a gabana ya ce, "Sakatare, tawa ce ba ta yi ba?" Ya miƙo mani katinsa, ya ɗora zanarsa a jaki ya tafi, bai ƙara zuwa ba. To, in kowace zana sai ta tsaya, dole shinge ya ƙara tsawo, in shinge ya ƙara tsawo dole fili ya buɗe. Yamma da mu makaranta ce, kudu hanyar mota, arewa kwari. Gabas kaɗai ta rage, gabas kuwa gonar Kawu ce.

Kawu yayan Inna mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidanmu yake zaune, a ɗakin da ke jikin zaure, ba mata ba ɗa. Tun ban zo duniya ba yana da gidan gona a wannan wurin, da mata da yara biyu. Wata bazara sanƙarau ya shigo ya kwashe su ukun a cikin mako guda. Ya binne su a bayan ɗaki kamar yadda mutanen gidan gona ke yi, ya jawo ƙofa, ya dawo cikin gari. Ruwa ya rushe gidan, garma ta baje shi, ya yi shekara fiye da talatin yana noma wurin. Abin da ya rage a tsaye daga wancan gida ɗorawa ce guda ɗaya, ƙatuwa, wadda matan unguwa ke jiran kalwarta duk shekara.

Na sayi goro na je na same shi da maganar aron gona. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Washegari da hantsi ya ce in biyo shi. Da muka isa ya jingina bayansa da ɗorawar, daidai wani tabo da ke jikinta, ya fuskanci gabas, ya fara tafiya yana ƙirgawa a fili. Yana kai goma sha bakwai ya tsaya. Wurin ɗan fegi ne da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, ciyawa ta rufe shi, kunyoyin gona sun zo sun kauce masa. In ba an nuna maka ba, cewa za ka yi mai gonar ne ya yi kasala.

"Nan mai ɗakina take kwance," ya ce. "Yaran na gefenta. Wannan gefen kuma na bar ma kaina. Na faɗa ma uwarka, yanzu na faɗa maka, tunda kai za ka ɗauke ni."

Na ce, "Allah ya ƙara nisan kwana, Kawu."

"Amin. Gona na ba ka aro duk rani. Amma zanarku ta tsaya kafin ɗorawa. Ƙasa tana lafewa, ciyawa tana ƙonewa, ni da icen nan nake gane wurin."

Na ce masa ko a mafarki ba za mu taɓa ta ba. Har rantsuwa na yi, ba wanda ya sa ni.

Wannan shekarar mun cika alkawari. Shinge ya tsaya 'yan taku kaɗan kafin bishiyar, kowace zana ta samu wuri. Amma ɗorawar tana waje, kuma daga kanta ana ganin filin gaba ɗaya. Ba yara nake nufi ba, manyan mutane masu gemu suke tuɓe takalmi su hau, su baje a rassa, wani har da rakensa. Masu kati suka fara gunaguni, su sun saƙa zana, wasu sun hau ice. Na sa aka jibge ƙaya a gindinta, aka janye. Na shafe jikinta da baƙin mai, suka zo da tsani. Abin da ya fi ci mani rai shi ne tsokanar. Duk sanda na gitta da gwangwanin ƙofa a hannu sai wani ya ƙwala daga sama, "Sakatare, daga nan ma ana gani!" Rassa su ɗauki dariya. Nakan koma gida kaina na zafi, in kasa cin tuwo. Na tsani bishiyar nan kamar mutum ce ta zage ni.

Kaka ta gaba zana ta ninka. A wannan kakar ce kuma Kawu ya faɗo daga kan rumbu yana zuba dawa, ya karye a cinya. Aka ɗauke shi zuwa wajen wani mai ɗori a ƙasar Gozaki, aka ce sai ya yi wata uku bai taka ba.

Muka yi taron kwamiti a shagon tela. Na kawo shawarar a tura shinge har ƙarshen gonar, a sare ɗorawar, a huta da 'yan kallon banza. Telan ya dakatar da kekensa ya dube ni.

"Ɗorawa ba a sare ta haka kawai," ya ce. "Kuma ba taka ba ce. Mu jira mai ita."

Na ce in muka jira rani ya wuce. Na ce gonar kawuna ce, ni na san yadda zan yi da shi. Ban gaya masu maganar kaburbura ba. Da na gaya masu, ba wanda zai ɗaga hannu, kuma na san haka, shi ya sa na yi shiru. Abin da na gaya wa kaina shi ne ba haƙa za mu yi ba, waɗanda ke ƙasa ba abin da zai same su, kuma zan kafa alama a wurin. Ina ganin kaina mai wayo.

Kwana biyu masassaƙa suka yi kafin ta faɗi. Aka tone kututturen, aka cusa masa wuta, ya yi kwanaki yana ci. Alamar kuwa na kafa, turke ne na ƙirya mai kauri, na buga shi da kaina a tsakiyar fegin nan. Saura kunyoyin gona da za a baje. Muna shirin gayya da fartanya sai wani ɗan wasanmu da ke tuƙa katafilar wani ɗan kwangilar hanya ya ce mu bari, ran Lahadi zai kawo ta ya yi mana kyauta. Ya kawo. Ni ina can ƙofar yamma ina faɗa da wani a kan inda za a kafa zanarsa. Kafin in gama faɗan in zagayo, ya kankare gonar tun daga tsohon shinge har iyakarta. Ba turke, ba ciyawa, ba ramin kututture, ba toka. Jar ƙasa ce shimfiɗe fes, mutane suna tafi suna yaba masa.

Na ce wa kaina ai na san wurin. A makon nan muka tuge tsohon shingen duka, muka ɗan juya filin don rana ta daina dukan idon gola, muka sake kafa zana a sabon layi. Ranar da muka gama na tsaya a gabas na duba, na rasa abin da zan kama in ce daga nan ne. Duk abin da ido ya saba aunawa da shi mun matsar da shi da hannunmu.

Inna ta ji a bakin matan da ke tsintar kalwa. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. A na huɗu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai za ka je ka faɗa mashi. Ba ni ba." Ban je ba. Kullum ina da uzuri, auduga ce, wasa ne, taya ce ta fashe.

Da Kawu ya dawo ya rame, yana dogara sanda, ƙafar da ta karye ta ɗan gajarce. Labari ya riga ya same shi, na gani a fuskarsa. Na durƙusa na gaishe shi ina jiran faɗa, ya amsa lafiya lau, ya tambaye ni aiki. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Washegari ya sa aka yanko masa gamba, ya zauna a zaure ya miƙe ƙafar yana saƙa. Na ɗauka zanar bayan gida ce yake so ya sabunta.

Ranar wasa ina tsaye a ƙofa, mutane sun yi layi, sai ga shi yana kora jaki da zana biyu a kai.

"An ce sai da zana ake shiga," ya ce.

"Haba Kawu! Kai da gonarka?"

"Ba ni katina, Sakatare. Mutane na jira."

Bai taɓa kirana Sakatare ba sai ran nan. Na buga hatimin, na miƙa masa da hannu biyu. Ya sa a aljihu ya shiga.

Bai kalli wasan ba, ran nan ko wata rana. Ƙwallo na yamma, shi yana gabas ya ba ta baya, yana bin tsakanin 'yan kallo a hankali, idonsa a ƙasa. Ya taka, ya tsaya, ya ƙwanƙwasa ƙasa da sandarsa, ya karkata kai kamar mai sauraren amsa. In mutum na zaune a inda yake son dubawa sai ya ce, "Ɗan matsa mani kaɗan, don Allah." A matsa, ya ƙwanƙwasa, ya yi godiya, ya wuce. A ci ƙwallo, fili ya kaure da ihu, mutane na tsalle suna dira a ƙasar nan, shi kuwa sai ya tsaya cak ya runtse ido har su lafa. Daga ƙofa nake hango shi. Har yau in na ji ihun 'yan kallo, ko a rediyo ne, farar hularsa nake gani tana yawo a bayan mutane.

Ba a daɗe ba aka mai da shi abin dariya. Wasu suka ce tulun kuɗi ya binne. Wata rana wani matashi ya bi bayansa yana kwaikwayon ɗingishinsa da kara a hannu, na bar ƙofa a buɗe na je na kwaɗa masa mari, sai da aka raba mu. Da muka koma gida Kawu ya ce, "Mi ya yi maka? Shi bai san komi ba." Ni kuma na fahimci wanda ya sani.

Na fara nema ni ma, da sassafe kafin in tafi kasuwar auduga. Na kira masassaƙan nan biyu, kowa ya nuna mani wuri daban, tsakaninsu ya fi taku ashirin, har suka kusa faɗa. Mai katafila ya bi ɗan kwangilarsa zuwa wata ƙasa. Na tona ramuka ina neman saiwa, na samu saiwa a ko'ina, don ɗorawa tana miƙa ƙafa nesa, ga shi katafila ta ja wasu ta watsar. Na nemi gawayin kututture, na same shi a warwatse har bakin kwari. Inna ba ta iya taimaka ba, tana gidan aure a wani gari lokacin da aka yi rashin, ita ma da bishiyar ta san wurin.

Wata safiya ina cikin maida ƙasa a wani ramin, na ɗaga kai na ga Kawu tsaye yana kallona. Ban san tun yaushe yake nan ba.

"Kai ka sa aka sare ta," ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba. "Kai ka tsaya aka tone gindin. Kai kaɗai za ka tuna. Nuna mani inda take, sauran ni na sani."

Ya kamata in ce ban sani ba. Kalma uku ce. Na dube shi, na ga yadda ya dogara da sandar da hannu biyu, na kasa. Na waiga, na zaɓi wani wuri tsakanin inda masassaƙan biyu suka nuna, na je na tsaya a kai na ce, "Nan ne, Kawu."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya zo ya tsaya inda na tsaya, ya gyara kafaɗunsa kamar akwai icen a bayansa, ya fuskanci rana, ya fara ƙirgawa. Ina biye da shi ina kallon ƙafafunsa. Takun da ya yi a gabana wancan karon na mai lafiya ne, dogo. Na yanzu ɗaya cikakke ne, ɗaya rabi, yana jan gajeriyar ƙafar. Ko da a ce na dace da gindin bishiyar, goma sha bakwai ɗinsa ba za ta kai shi inda take kai shi da ba. Shi bai lura ba.

Ya kai goma sha bakwai ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya saurara. Sai ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya zauna a wurin da ƙyar, ya shafa ƙasar da tafin hannunsa. Ya ce, "To. Ga ku nan." Na juya baya don kada ya ga fuskata.

Daga ranar ya daina yawo. Duk wasa yakan riga kowa zuwa, ya zauna a gefen wurin, ya ɗora duwatsu huɗu a kusurwa, ya kwantar da sandarsa a gaba. In baƙo ya zo zai taka sai ya ce, "Bi ta can, akwai mutane nan." Sannu a hankali labarin ya fita, dariya ta mutu. Komai cikar fili, za ka ga wannan ɗan fegin a buɗe a tsakiyar jama'a, mutane na matse juna ba mai sa ƙafa. Tela ya zo ya same ni, ya ce me ya sa ban faɗa masu ba tun farko. Na ce ai ga shi an gano wurin. Ya dube ni ya ce Allah ya sa. Kawu ya sake cin abinci sosai, ya koma kirana ɗan nan kamar da. Ranar da muka ci wani wasa mai zafi har tambayata ya yi wa ya jefa ƙwallon. Ban taɓa jin nauyin alherin mutum kamar na wannan lokacin ba.

Babban filin da na sare ɗorawa dominsa rani uku ya yi. Shekarar da hankula suka tashi, da yawa daga mutanen kudu suka kwashe suka tafi, golanmu da 'yan gabanmu biyu suna ciki, ko sallama ba mu samu yi ba. Ƙwallon ta lalace. Jakuna suka daina zuwa da zana, wadda ke tsaye gara ta cinye, shinge ya ja da baya har ya koma inda yake tun asali. Gonar ta koma hannun mai ita. Da damina ya sa aka yi masa huɗa, kunyoyi suka zo suka kauce wa duwatsunsa huɗu, ciyawa ta fito a tsakaninsu.

Ya rasu da bazara, bayan jinyar kwana shida. Ana gobe zai cika ya kama hannuna ya ce, "Ka san wurin." Na ce na sani.

Ni na kai masu haƙa. Babbansu tsoho ne da ya binne rabin garin, ya auna gefen da Kawu ya bar wa kansa, suka fara. Ƙasar ta yi tauri, sai da aka ɗebo ruwa aka jiƙa. Da ramin ya kai gwiwa sai tsohon ya dakata, ya ɗebi ƙasar a hannu ya murza, ya sake ɗiba daga wani gefen. Ya yafito ni, na sunkuya.

"Sakatare," ya ce a hankali, yadda sauran ba za su ji ba, "an ce bayan ɗaki ne. Inda aka yi zama, ko shekara ɗari ce, sai ka ga tsingaro, ka ga toka, ƙasar ta yi duhu. Dubi wannan. Ba a taɓa hura wuta kusa da nan ba."

Na duba. Ja ce wur, tsabtatacciya, ko guntun fasasshiyar tukunya babu. Na ɗaga kai na dubi gonar, faɗinta duka, ba ice ba alama. Suna nan a wani wuri a cikinta, wataƙila taku goma daga inda nake, wataƙila talatin, wataƙila a ƙarƙashin kunyar da muka tako muka zo. Daga bakin gari na hango an fito da makara, mutane na biye, rana ta take.

Na ce, "Nan ya nuna. Ku ci gaba."

Tsohon ya dube ni, ya ɗauki magirbinsa. Ni na shiga ramin na karɓi Kawu, ni na kwantar da shi a gefensa na dama, na jera itace, na fito aka tura ƙasa. Liman ya yi addu'a, ya ce Allah ya sada shi da iyalinsa da yake kwance kusa da su, jama'a suka ce amin.

Da na koma gida mata sun cika tsakar gida. Inna ta aiko a kira ni ɗakinta. Na tarar da ita zaune a bakin gado, idonta ya kumbura, ta sa aka ja labule. Na durƙusa, jar ƙasar nan na nan a gwiwoyina da ƙarƙashin farcena.

"Kusa da su aka sa shi?"

"Kusa da su, Inna."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani."

Ta rufe fuska da gyalenta ta yi kuka mai sauƙi, irin na wanda aka sauke wa kaya. Da ta share ido ta ce ta daɗe tana riƙe da ni a zuciya saboda bishiyar nan, amma yau ta yafe, tunda na gyara abin da na ɓata. Ta ɗora hannunta a kaina, abin da rabonta da yi tun ina ƙarami.

"Ka kai ɗan'uwana wurin iyalinshi," ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mashi."

Tana jira, hannunta na kaina. Na ce amin.